Daren da na kai ƙanwata asibiti saboda ciwon ɓarin kai

Ƙanwata ta daɗe tana fama da ciwon ɓarin kai, irin wanda ke kama gefe ɗaya yana sara, ya zo da tashin zuciya, har mai shi ya kasa jure haske da hayaniya. Mun saba da shi a gidanmu da ke Aboabo a Kumasi, amma wani dare ya kai ta ga amai ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa ba ya zama a cikinta, sai ta ce mini, “Yaya, yau kam a kai ni asibiti.”

A sashen gaggawa ba a bin wanda ya riga zuwa. Nas ce ke fara tantance marasa lafiya, ta auna jini da zafin jiki da bugun zuciya, sannan a ware su gwargwadon hatsarin da suke ciki. Mun jira an gama da waɗanda aka kawo daga hatsarin mota, ni kuwa raina a ɓace yake, domin ina ganin yadda fitilun ɗakin suke ƙara mata azaba.

Tambayoyin likita ne suka sauya mini tunani. Bai tsaya kan tsananin ciwon kaɗai ba, ya fi son ya ji yadda ya fara, da kuma ko ya yi kama da wanda ta saba. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya ya kai ƙololuwa cikin minti 1 yana iya nuna zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ake gaggauta ɗaukar hoton kai a kansa. Wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya yana sa a yi zargin sanƙarau, cutar da mutanenmu masu zuwa garuruwan arewacin Ghana irin su Tamale da Bolga da Wa a lokacin rani suka san ta. Idan akwai karkacewar baki ko mutuwar hannu, ana tunanin shanyewar ɓarin jiki, mai juna biyu kuwa ana tsoron hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. A ƙasarmu ba a mantawa da gwajin maleriya. Da aka tabbatar babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai aka koma kan ciwonta na asali, wanda kan ɗauki awa 4 zuwa 72 idan ba a magance shi ba, kuma ya fi kama mata da kusan ninki 3.

An yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta allurar metoclopramide mai tsayar da amai da rage ciwon kan, tare da maganin raɗaɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda likitan ya ƙi ba ta tramadol ko makamancinsa, alhali wani ɗan uwanmu yana ta roƙon a ba ta mai ƙarfi. Irin waɗannan magunguna ba su fi na farko aiki a kan wannan ciwo ba, suna sa ya dawo, ga kuma hatsarin sabo da su, wanda mu mazauna zango mun ga yadda ya lalata samari da yawa. Ya kuma tambaye ta kwana nawa take shan farasitamol a wata, domin wanda ke shan sa kwana 15 ko fiye a kowane wata yana iya jawo wa kansa sabon ciwon kai daga maganin. Ta yi shiru, domin kullum akwai shi a jakarta, daga kemis take saye.

Abin da har yanzu nake ganin ya kamata asibitoci su duba shi ne wurin jira. Mai wannan ciwo yana bukatar kusurwa mai ƙarancin haske da surutu, kuma samar da ita ba ya cin kuɗi mai yawa.

Da asuba aka sallame mu, aka ce ta koma ganin likita da rana don a duba maganin rigakafi. Tun daga ranar take rubuta kwanakin ciwon a ƙaramin littafi, da abin da ta ci, da awannin barcinta, kuma da shi za ta je wurin likita a mako mai zuwa.