Robar da Gwaggo ta yanka a gabana

A kan teburin da nake karɓar masu saye akwai wata 'yar kwalba mai murfi, a cikinta robar zuƙe majina ce da aka raba biyu da reza. Kusan duk wanda ya shigo sai ya ɗaga ta ya tambaya, mene ne wannan baƙin abu da ya manne a ciki? Funfuna ce. Robar kuwa tawa ce. Da ita na yi wata uku cur ina zuƙe wa ɗana na fari hanci, kullum ina wanke ta da sabulu, ina ganin babu uwar da ta kai ni tsabta.

Kayan jarirai nake sayarwa, ɓangaren lafiya: ma'aunin zafin jiki, kwalbar shayarwa, abin yanke farce, ruwan gishirin ɗigawa a hanci, sai uwa uba abin zuƙe majina, wanda da shi aka fi sanina. A hannun Gwaggo na koyi sana'ar, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a ɗakin yara kafin ta ajiye aiki ta kama sayar da irin waɗannan kaya. Ina zuwa taya ta jiran kaya da goyona a baya. Ran nan yaron yana mura, na ciro robata daga jaka har da ɗan yanga. Ta miƙo hannu ta karɓa, ta matsa ta kusa da hancinta ta shinshina, ba ta ce uffan ba ta jawo reza. Da ta gama sai ta ce, "'Yar nan, zo ki ga abin da kike hura wa yaron nan." Na duba, jikina ya yi sanyi. Ruwan wanki yana shiga ta ɗan bakin nan, amma ba ya fita duka, ciki kuma ba ya taɓa bushewa. Tun daga ranar na kama ƙa'idar da har yau ban sake ta ba: abin da ba ya buɗuwa a ga cikinsa ba ya shiga kayana.

Gwaggo ba ta yarda in sayar da abu ban san dalilin amfaninsa ba. Ita ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa jariri a watanninsa na farko da hanci ya fi yin numfashi, kuma idan yana shan nono bakinsa a cike yake, hancin ne kaɗai hanyar iska. Ƙofofin kuma 'yan mitsi-mitsi ne, majina kaɗan ta isa ta rufe su. Shi ya sa za ki ga ya kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki, ya fashe da kuka, uwa ta ɗauka nonon ne ya ƙi. Ga shi bai iya fyace hanci ba, yawancin yara sai sun wuce shekara 2 kafin su iya. Ƙaramin yaro kuma yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, kowace ta ɗauki kwana 10 har zuwa 14. Ke nan abin da uwa za ta saya yau zai shiga hancin ɗanta sau ba adadi.

Robar matsawa, mai kama da ƙwallo da ɗan baki, ita ce kowa ya sani. Ina sayar da ita, amma mai rabuwa gida biyu kaɗai, wadda ake murɗewa a wanke kowane ɓangare a shanya. Na fi son mai ƙoƙo garai-garai a gaba, yadda uwa za ta ga abin da ya fito da idonta. Ƙarfinta ba yawa, kuma ga ɗan kwana goma hakan ya wadatar.

Wanda na fi alfahari da shi shi ne na bututu, irin wanda NoseFrida na ƙasar Suwidin ya yi suna da shi. Ƙoƙon yana zama a ƙofar hancin jariri, ba ya shiga ciki, siririn tiyo ya taho har bakin uwa, a tsakani akwai ɗan soson tacewa. Uwa ce ke ja da bakinta, don haka ita ke da iko da ƙarfin, ta ja a hankali ko ta ɗan ƙara. Idan na nuna shi, musamman ga iyaye maza, sai an yamutsa fuska. "Haba Hajiya, da bakina?" Sai in zuba masa sabulun wanke gashi mai kauri a murfi, in ce ja ka gani. Ya ja, sabulun ya tsaya a ƙoƙo, ko rabin hanya bai kai ba. Yawanci a nan ake dariya a ce in ƙunsa. Abin da nake nanata wa kowa shi ne soson nan ana canza shi bayan an yi amfani, ba a wanke shi a mayar. Ba na sayar da bututun sai da ƙarin soso a gefe, domin na sha ganin uwa ta sayi abu mai kyau, soson ya ƙare, ta nema ta rasa, ta yayyanka soson wanke-wanke ta cusa.

Na lantarki, mai batir ko mai caji, yana da amfaninsa, musamman ga uwar tagwaye ko wadda ke fama ita kaɗai cikin dare, hannu ɗaya riƙe da kan yaro. Amma a nan 'yan jabu suka fi cin kasuwarsu. Su cika shi da fitilu kala-kala da kiɗa, su buga wata ƙatuwar lamba a kwali wai ƙarfin zuƙa, injin ciki kuwa ko ruwa ba ya ja da kyau. Wani ma majinar ce ke wuce ƙoƙon ta gangara cikin injin, inda ba a isa a wanke ba, mun dawo kan maganar robata ke nan. Akwai kuma wanda ake jonawa da injin zuƙe ƙurar ɗaki, a ƙasar Hungari ya yi farin jini sosai. Ban taɓa kawo shi ba.

Kowane katan da ya iso, kafin in jera shi sai na fitar da guda biyar daga wurare daban-daban, har da can ƙasa, domin a ƙasa ake ɓoye mugun kaya. Farko hanci nake sawa. Silikon mai kyau, wato robar nan mai laushi da ake yin bakin da ita, ba shi da wari, idan na ji warin taya ko na fetur, magana ta ƙare. Sannan in goga bakin a cikin leɓena. Yatsa ba ya jin ɗan kaifin da ke saura a inda aka haɗa robar, amma leɓe yana ji, fatar cikin hancin jariri kuwa ta fi leɓe laushi, ɗan karce kaɗan sai haɓo. Wannan dabarar ma ta Gwaggo ce, ranar da na fara ganin ta tana yi na ɗauka wasa take. Daga nan in matse robar, in toshe bakin da babban yatsa, in saki. Mai kyau za ta zauna a lotse har sai na ɗaga yatsa. Wadda ta kumbura da kanta tana shan iska ta wani wajen, ba abin da za ta zuƙo. A ƙarshe in jefa bakunan silikon cikin tafasasshen ruwa minti 5. Na gaske yana fitowa yadda ya shiga. Na jabu ya lanƙwashe, ko ya yi danƙo, wani har ruwan yake rinawa.

Duk wannan wahalar dillalai ne suka koya mini ita. Akwai wanda na yi shekara biyu ina saro kaya a wajensa, ya turo mini samfuri lafiya lau, na gwada, na yi oda mai yawa. Da katan ɗin suka zo, layin sama irin samfurin ne, na ƙasa kuwa wata roba ce mai tauri kamar murfin biro. Na kira shi, ya ce ai kamfani ɗaya ne, kawai injin da ya buga su ne daban. Na ce to injin da ya buga su ya zo ya saya. Wata biyu muna ja-in-ja kafin ya karɓi kayansa, a tsakanin nan kuma mutanena suna zuwa ina ba su haƙuri. Kwalayen nan duk an rubuta musu babu BPA, wani sinadari da ake haɗa wasu robobi da shi wanda ake tsoron illarsa ga lafiya. Tun da Tarayyar Turai ta hana shi a kwalbar shayarwa a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012, rubutun ya zama ado, duk mai injin buga kwali yana iya manna shi a kan komai. Ni tukunyata da leɓena na fi yarda da su.

Masu tayi kuma nasu salon daban. "Anti, ai na gan shi a intanet, ko rabin kuɗin nan bai kai ba, hoton ma iri ɗaya." Hoton iri ɗaya ne mana, ai shi suka sata. Na daina musu. Ina da na jabu guda ɗaya a aljihun tebur, sai in ciro in ajiye shi kusa da nawa, in ce baiwar Allah, goga kowanne a leɓenki. Wata ta saya, wata ta ce za ta dawo. Cikin masu cewa za su dawo, akwai waɗanda suke dawowa bayan sati biyu da wancan na intanet ɗin a leda, tiyon ya tsage, suna tambaya ko ina da irin bakinsa. Ba ni da shi, kuma ba wanda ke da shi.

Amma ko wanne mutum ya saya, rabin aikin ruwan gishiri ne ke yi, kuma shi ne abin da aka fi raina wa. Wani bawan Allah ya taɓa dawo mini da na lantarki cikin fushi, wai ba ya aiki. Na tambaye shi ruwan da na haɗa masa fa? Ya ce yana cikin mota, ya ɗauka kyauta ce kawai. Busasshiyar majina babu injin da zai ciro ta. Ruwan gishirin hanci awonsa sananne ne, kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, daidai da na jikin mutum, shi ya sa ba ya zafi. Nakan ce a sayi haɗaɗɗe, wanda ba a sa masa wani magani ba, domin haɗin ƙiyasi yakan yi yawa ya ƙona hancin. A kwantar da yaro rigingine, a ɗiga ɗigo 2 ko 3 a kowace ƙofa, a jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. In robar matsawa ce, a matse ta tun a waje, sannan a sa bakin a ƙofar hanci kawai, a saki a hankali. Wanda ya sa sannan ya matsa, ya tura majinar ciki ke nan. A yi kafin shayarwa da kafin barci, domin in cikinsa a cike yake zai yi tumbuɗi. Kada kuma a wuce sau 3 ko 4 a yini. Yawan zuƙa yana kumbura cikin hanci, toshewar ta ƙaru, uwa ta ƙara zuƙa, abu ya yi ta zagayawa. Idan yaro yana ɗan gurgur amma yana shan nononsa yana barcinsa, a ƙyale shi.

Akwai ranakun da nake ƙin sayarwa. Gwaggo ta koya mini in duba yaron kafin in duba jakar uwarsa. Wata yarinya ta taɓa shigowa da ɗan sati shida, ta ce in ba ta na lantarki mafi ƙarfi. Na ce ƙanwata, ɗaga masa riga in gani. Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk numfashi, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Na duba agogo na ƙirga minti ɗaya cikakke, ya haura 60. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 60 ko fiye a minti ga wanda bai kai wata 2 ba ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara ɗaya kuma 50. Na ce mata wannan ba na hanci ba ne, ƙirji ne, ki wuce asibiti yanzu, kada ki biya ta gida. Haka nake faɗa idan ɗan ƙasa da wata 3 zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko yana nishi, ko leɓensa ya canza launi, ko ya ƙi nono gaba ɗaya. Ni ba likita ba ce, amma na san inda kayana suka tsaya.

Masu tambayar maganin mura na sha kuma, ba na ajiye shi. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 irin waɗannan magungunan tari da mura. Man zafi ma ba na jarirai ba ne, balle a shafa shi a ƙofar hanci. Majina ta koma kore kuma ba shi ke nuna sai an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, mura takan bi ta nan kafin ta wuce.

Yarinyar nan mai ɗan sati shida ta dawo bayan kusan wata guda, yaron ya murmure har ya yi kumatu. Na bututu ta saya, da ƙarin soso fakiti biyu, kuma sai da ta taya. A lokacin wani sabon dillali ya turo mini samfurin robar matsawa mai rabuwa biyu, ruwa yana kan wuta, sai na ce ta tsaya ta gani. Muka jefa bakin, muka duba agogo. Minti uku bai cika ba ya naɗe kamar ganye.