Tambayar da ya kamata a yi wa mace mai tari

A karatun aikin likita da nake yi a Damagaram, abin da ya fi zauna mini a rai game da sankarar huhu shi ne yadda take bambanta tsakanin namiji da mace. Maza ne suka fi yawa a cikin mutane kusan miliyan 1.8 da ta kashe a duniya a shekarar 2020, domin su suka fi shan taba. Amma idan aka ware masu cutar da ba su taɓa sa sigari a baki ba, sai a tarar mata sun rinjaya. Nau'in da ya fi kama su, adenokarsinoma, yakan tsiro ne a gefen huhu, nesa da manyan hanyoyin iska, don haka yakan daɗe yana girma, mace tana fama da kasala da rama kawai, ana cewa wahalar gida ce.

A gundumar Shuwanwei ta ƙasar Sin, an gano cewa hayaƙin kwal da ake girki da shi cikin ɗaki ne ke jawo wa mata cutar, kuma a 2006 hukumar binciken sankara ta duniya ta ce hayaƙin itace ma mai yiwuwa ne yana haddasa ta. Duk wanda ya taɓa leƙa madafa a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram da magariba ya san me nake nufi: bango ya yi baƙi ƙirin, mace ta duƙa tana hura ɗanyen itace da kara, idanunta na hawaye, ga goyo a baya, haka shekara da shekaru. Wata kuma da dare hayaƙin tabar maigida ne ke jiranta.

Saboda haka tambayar mace mai tari ko tana shan taba ita kaɗai ba ta isa ba. Yanzu nakan ƙara da cewa, "Inna, da me kike girki, kuma madafar tana da taga?" Idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, wajibi ne a ɗauki hoton ƙirji da wuri, domin cibiyar kula da masu sankara tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kuma iyali na buƙatar lokacin haɗa kuɗi tun maras lafiya tana da ƙarfin hawa mota.