Ruwan lagireto da asarar da ta koya min jira

Garejina yana kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, ni da yara huɗu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lagireto ne ke ciyar da mu. Mota za ta shigo tana huci, mai ita ya fito yana cewa, "Oga, allura ta hau ja tun daga titin Zariya." In na ce, "Alhaji, me kake zuba mata?" amsar ba ta wuce ruwan rijiya ko fiya wata.

Ruwa zalla yana sanyaya inji, ban musa ba. Amma yana cin ƙarfe, ya bar tsatsa da dattin gishiri su toshe 'yan siraran hanyoyin lagireton. Kulan kuwa, wato ruwan lagireto na musamman mai launi, akwai maganin tsatsa a cikinsa, kuma ba ya saurin tafasa.

Sai mota ta huce muke taɓa ta. Ba yaron da zai kwance murfin lagireto sai na matsa tiyon sama da hannuna na ji ya yi sanyi ya saki. Ruwan ciki a matse yake, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana kwance murfin zai yi tsiri ya wanke maka fuska. Daga nan a tara roba, a kwance 'yar kusar da ke gindin lagireto. Wani ruwan yana fitowa kamar na kududdufi bayan damina. Mu ɗura ruwa, mu tayar da inji, mu sake zubarwa, har ya fito garau. Tsohon kulan a jarka muke rufe shi, don zaƙi gare shi kuma guba ne, ga awakin unguwa kullum suna kiwo a ƙarƙashin motoci.

Corolla tana shan kamar lita 6. In kulan ɗin ba haɗaɗɗe ba ne, rabi da rabi muke sirka shi da tataccen ruwa. Jan kulan na Toyota kuma ba na gauraya shi da koren kulan.

Inda aikin yake shi ne fitar da iska. Shekarun baya wani direban haya ya matsa min, fasinja na jiransa a tasha. Na cika masa lagireto, na rufe, ya wuce. Ashe iska ta maƙale a cikin inji. Kafin ya kai Kwanar Ɗangora mota ta tafasa, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Ni na biya janwe, ni na sayi gaskit, har da kuɗin wanke kan inji, ga kunyar da na sha a gaban yarana.

Tun daga ranar, murfi a buɗe muke barin inji yana aiki, hita a kan zafi. Yaro ya tsaya yana matsa tiyo, kumfa na ɓullowa, ruwa na sauka, yana ƙarawa. Sai tamostat, wato 'yar ƙofar da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ta buɗe, tiyon ya ɗau zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, sannan a rufe a cika 'yar tankin gefe zuwa layi. (Masu cire tamostat su jefar wai ƙasarmu da zafi, ni ba na cikinsu.)

Wani lokaci abin yana cin rabin awa. Mai gaggawa nakan nuna masa benci, in aika a karɓo masa shayi wurin mai shayin bakin titi.