Inda na kwana a bibiyar shinkafa da yanayi, daga Kura zuwa Argungu da Gaya

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, assalamu alaikum. Damina ta biyu ke nan ina riƙe da littafin da nake rubuta ruwan sama da halin da shinkafa take ciki, kuma tun da ruwa ya fara janyewa, kaka ta kunno kai, na ga ya dace in sanar da ku inda na kwana. Gonata 'yar ƙarama ce a yankin Kura, cikin filayen da suke shan ruwan madatsar Tiga. Labarin sauran wurare kuwa ta waya nake samun sa kowace Juma'a daga mutum uku da suka yarda su riƙa gaya mini abin da idonsu ya gani: ɗaya a Auyo cikin kwarin Haɗejiya, ɗaya a fadamar Argungu, na ukun kuma a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, a bakin kogin Kwara, wanda mutanen can suke kira kogin Isa.

Zan fara da ma'aunin ruwa, domin a nan na yi kuskuren da ya ɓata mini rabin lissafin bara. Na kafa shi ne a gindin katangar gida, a gefen da iskar hadari take kaɗowa, ashe katangar tana tare ruwan, shi ya sa kullum abin da nake samu yake gaza abin da ƙasa take nunawa. Ƙa'idar da masu awon yanayi suke bi ita ce ma'auni ya yi nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Bana na mayar da shi fili, na ɗaure shi a jikin turke, bakinsa a daidaice. Gwangwani ne kawai mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, saboda haka zurfin ruwan da rula ta nuna shi ne adadin milimitar da aka yi. Ina dubawa da ƙarfe bakwai na safe, in rubuta, in zubar, kuma ranar da ba a yi ruwa ba ina rubuta sifiri, domin gurbin da aka bari babu komai ba ya bambanta ranar da ba a yi ruwa ba da ranar da mutum ya manta. Wanda yake son ya san nauyin abin da yake aunawa ya tuna cewa milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda.

Babban canjin da na yi bana shi ne ƙara layi ɗaya a littafin, inda nake rubuta matakin da shinkafa take a ranar. Bara jimillar ruwan wata kawai nake tarawa, sai na ga adadin ba ya gaya mini komai game da buhunan da aka samu. Wani dattijo da muke maƙwabtaka da shi a gona ne ya ankarar da ni, lokacin da na nuna masa littafin ya tambaye ni, "To, ran da aka yi wannan ruwan, shinkafar tana ina?" Tun daga nan nake tambayar kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku abu biyu a tare, wato yadda sama take da kuma inda shuka ta kai: tana gadon iri, ko an yi dashe, ko tana haihuwa (wato tana fitar da 'ya'ya daga gindi), ko ta ɗauki ciki, ko ta fitar da kai, ko ƙwaya ta yi nono, ko ta fara ja. Irin da ya fi yawa a wajenmu shi ne FARO 44, wanda manoma suke kira Sipi, kuma yana nuna a cikin kusan wata huɗu. Ana dasa shi yana da kamar mako uku, daga ɗaukar ciki zuwa fitar da kai kusan wata guda ne, daga fure zuwa yanka kuma wani watan. Wanda ya san ranar dashe zai iya ƙirga makon da za ta yi fure tun kafin ya zo, kuma wannan makon ne ya fi kowane lokaci haɗari. Fashin ruwa na kwana goma a lokacin haihuwa yana sa ganye ya naɗe, amma da an yi ruwa sai ta farfaɗo, alhali irin wannan fashin a lokacin fure shi ne yake barin zangarniya tsaye cike da holoƙo, wanda babu takin da zai gyara shi.

Abu na biyu da littafin ya koya mini ya fito ne daga Auyo. Akwai makon da ma'aunina ya kwana uku a bushe, shi ma mutumin Auyo ya ce ba su sami wani ruwan kirki ba, amma ga shi yana ba ni labarin ruwa ya hau gonakin da suke kusa da kogi. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya dubi taswira. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da kogin Challawa, wanda madatsarsa take a yankin Ƙaraye, su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil ya gangara ƙasa mai shimfiɗa wadda ruwa ba ya saurin wucewa a cikinta, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyinsa. Ruwan da ya sauka a kudancin Kano yau shi ne baƙon Haɗejiya bayan wasu kwanaki. Saboda haka na roƙi mutanen nan uku kowa ya kafa sanda mai alama a bakin ruwan da ya fi kusa da gonarsa, ya riƙa gaya mini ko ya hau ko ya sauka, kuma da taƙi nawa. Wannan sandar ta fi ma'aunin ruwan sama amfani ga manomin fadama.

Haka lamarin yake a Argungu, inda kogin yake ɗauko ruwan Rima daga wajen madatsar Goronyo da na kogin Sakkwato daga madatsar Bakolori da take kusa da Talatar Mafara. Mutumin can ya fi tsoron ƙarshen Agusta da farkon Satumba fiye da kowane lokaci, kuma duk lokacin da muka yi magana sai ya koma kan 2020, shekarar da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar Kebbi ana dab da samun amfani. A watan Satumba na 2020 ɗin ne kuma kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa auna irinsa ba a Yamai, ya fasa madatsun gefe ya shiga filayen shinkafa da unguwanni. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin Gaya shi ne kogin nasu sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta jan ruwa a tsakiyar damina, wadda take zuwa da laka daga rafukan da suke gangarowa daga Burkina Faso, irin su Sirba. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, bai iso ba sai cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu, lokacin da mu a Kano muka daɗe da mantawa da hadari. Na ware wa Gaya shafi dabam saboda wannan, domin jadawalin da na tsara a kan damina ɗaya da rani ɗaya bai ɗauke ta ba.

Saboda wannan matsala ta nutsewa na shawarci mutumin Argungu ya gwada FARO 66 ko FARO 67 a ɓangaren gonarsa mafi kwari. An fitar da su a Najeriya a 2017, kuma suna iya jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, amma juriyar tasu ta lokacin da shuka take ƙarama ce, ba ta kare zangarniyar da ta riga ta fito.

Game da hasashe, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da na shekara tun farkonta, da ranakun da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta da wuraren da za a iya samun fashin ruwa, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma tana fitar da nata a kan ambaliya. Ina kwafe abin da ya shafi wuraren nan a shafin farko, in riƙa gwada shi da abin da ya faru. A ganina hasashen yana da amfani wajen zaɓen iri da lokacin zuba shi, amma bai isa ya gaya wa mutum ranar da zai watsa yuriya ba, wannan sai an dubi sama da ƙasa a ranar, domin takin da aka zuba ruwa mai ƙarfi ya biyo baya ya malale kwami, kuɗi ne ya bi ruwa. A gefen kwanan wata kuma ina rubuta tauraron da dattawa suke ƙirgawa, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kusan kwana goma sha uku, saboda da wannan lissafin manoma da yawa suke ba da labari, kuma wanda bai san shi ba zai rasa rabin abin da ake gaya masa.

Yanzu hankalina ya koma kan noman rani, inda zafi da sanyi suke karɓar matsayin ruwan sama. Na sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai riƙe mafi girma da mafi ƙanƙantar awon yini, zan rataye shi a inuwa a bakin gona. Sanyin hunturu yana daƙile iri a gado, ganye ya yi rawaya, idan kuma ya sami shinkafa da ciki sai ya hana ƙwaya kamawa. Wanda ya jinkirta don gudun sanyi kuwa yana iya kai furensa cikin Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Kebbi yake haura digiri 40, alhali shinkafa tana buɗe fure ne da hantsi, kuma zafin da ya wuce digiri 35 a wannan lokacin yana jawo holoƙo. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar tazarar da nake son littafin ya nuna mana a kowane wuri, shi ya sa na roƙi kowa ya rubuta ranar zuba iri da ranar da rabin gona ta fitar da kai, sannan a lokacin yanka ya tsinko zangarniya goma ya ƙirga cikakku da holoƙo. Zan kuma binne bututun roba mai huji-huji, mai tsawon santimita 30, a tsakiyar kwami ɗaya, in daina ban ruwa har sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, ban da makon fure da za a bar ruwa kwance. Kwamin da yake kusa da shi zan shayar da shi yadda na saba, domin a sami abin kwatantawa. Duk wanda yake noma a Bakolori ko Goronyo a cikinku, ina buƙatar ranakun zuba irinsa, domin har yanzu shafukan waɗannan wurare biyu babu komai a kansu.