Kan tayarod ɗin Corolla, aikin da na yi sau biyu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon gyaran mota a gida. Wata na takwas ke nan da na fara taɓa motata da hannuna, Corolla ƙirar 2006. Da juyen mai na fara, na wuce birki, yanzu kuma na shiga ɓangaren sitiyari. A nan ne na fi shan wahala, kuma ba na so waninku ya bi ta inda na bi.

Da ƙara abin ya fara. Duk ramin da na faɗa sai in ji ƙwal-ƙwal daga gaban dama, ga sitiyari ya yi sako-sako. Na ɗaga gaban motar na tokare ta da ƙafafun ƙarfe, don jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Na kama tayar gefe da gefe, daidai inda ƙarfe uku da ƙarfe tara suke a agogo, ina girgizawa, ƙanena kuma ya ɗora hannu a kan tayarod, wato gaɓar da ke ƙarshen ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Nan take ya ji yana wasa. Da muka haska fitila, robarsa ta yage, giris ya gauraya da ƙasa ya zama kamar laka.

Duk wanda ya taɓa neman kayan mota ya san iri uku ake miƙo masa: orijina na kamfanin motar, na Beljiyam da aka kwanto daga wata mota, sai sabo na wasu kamfanoni. Kada ku ɗauka na ukun nan duk banza ne. Akwai masu suna a cikinsu, irin 555 na Japan da CTR na Koriya, sai dai masu jabu su ma sun iya kwaikwayon kwali. Ni wanda na ɗauka a wani shago ko suna babu a jikinsa, kuɗinsa kuma bai kai rabin na mai kyau ba. Abin da ke damuna har yau shi ne na ga alamun da idona. Robar ta yi ƙyalli da tauri kamar ta bokiti, alhali mai kyau laushi gare ta, in ka matsa ta dawo. Sandarsa, wadda noti ke hawa, da ɗan yatsa ɗaya nake juya ta, ga shi sabon kan tayarod sai ka sa ƙarfi kafin ya motsa. Zaren notin ma da kaushi. Na gani, na ce ai sabo ne, na biya. Araha ba ta ado.

Amma ba duka laifin na kayan ba ne, nawa ya fi yawa.

Wajen cire tsohon, sai na sassauta noti na hau bugun sandar da guduma. Zare ya lanƙwashe, noti ya maƙale, sandar ta kama juyawa tare da shi, ƙarshe da zarto na yanke. Sandar nan tsukakkiya ce, matsewa take yi a cikin ramin ƙarfen da ke riƙe taya. Ko dai ka sa abin zaro ta, wanda makanikai ke kira fula, ko ka bugi gefen ƙarfen da take ciki har ta saki.

Kuskure na biyu shi ya ci mini taya. Na ji ana cewa ka ƙirga zagaye nawa tsohon ya yi kafin ya fita, ka mayar da sabon da adadin nan. Na ƙirga 17, na mayar 17. Ban san dabarar tana aiki ne kawai in tsawonsu ɗaya ba. Wanda na sayo ya ɗara tsohon da 'yan milimita, kuma da yake tayarod ɗin wannan mota ta bayan tsakiyar taya yake, sai ya tura bayan tayar waje, gabanta ya karkato ciki. Sitiyari ya ɗan karkace, na ce zan je alaimen, wato saita tayoyi, in an yi albashi. Kafin albashi ya zo, gefen tayar na waje ya fara cinyewa, in ka shafa sai ka ji kamar haƙoran zarto.

Na ukun shi ne mai haɗari. Notin kan tayarod yana da tsage-tsage a samansa, inda fil ke ratsawa ya kulle shi. Da na ɗaure, ramin bai zo daidai ba, sai na ɗan sassauta baya, na kuma mayar da tsohon fil da na miƙar da filaya. Mako biyar robar ta tsattsage, ruwan damina ya shiga, ƙarar ta dawo fiye da da. Da na taɓa notin, ya yi laushi. In sandar nan ta fice kana tafiya, tayar ta daina bin sitiyari ke nan. Da iyalina nake hawa motar nan, daren ranar ban yi barcin kirki ba.

Asabar ɗin da ta wuce na sake aikin a garejin wani dattijo a unguwarmu, wanda duk muke kira Baba. Bai karɓi sufana daga hannuna ba, tsayawa ya yi a kaina. Na sayo mai kyau guda biyu, hagu da dama, don kowanne da gefensa. Ya sa na jera tsoho da sabo na gwada tsawo, na shafa fenti a inda notin kullewa yake, wato wanda ke riƙe kan a jikin tayarod, tun kafin in kwance. Ya ara mini sufana mai awon ƙarfi: notin sandar 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), na kullewa 74, na taya 103. Da ramin fil ya ƙi zuwa, ya ce in ƙara ɗaurewa gaba kaɗan, baya kam ba a komawa. Sabon fil, muka buɗe ƙafafunsa. Daga garejin kai tsaye na wuce wajen alaimen, ban ko biya gida ba.

Yanzu sitiyari ya tsaya cak a tsakiya, ƙara ta ɗauke. Tayar da ta cinye na mayar da ita sifiya har in samu halin sabuwa.

Abin da ya rage shi ne robar rak ta hagu da na ga tana naso da mai, rak kuwa shi ne dogon ƙarfen da sitiyari ke turawa hagu da dama. In ya kama sai an sauke rak ɗin, Baba ya riga ya gargaɗe ni in ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera kafin in raba rak ɗin da sandar sitiyari, don in sitiyarin ya juya shi kaɗai wayar da ke naɗe a bayansa za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Man da ke rubuce a murfin tankin man sitiyarin motata ATF Dexron ne. Masu Honda ku duba naku da kyau, ita nata man daban ne. Kafin nan ina lura da yadda man ke raguwa kowace safiya, na ja layi da biro a jikin tankin.