Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: A Kan Duwatsun Khibiny

Makon jiya mun tsaya a inda jirgin ƙasa mai zuwa Murmansk ya sauke mu a tashar Apatity, mu ɗaliban ilimin duwatsu da malaminmu. Daga nan mota ta ƙarasa da mu Kirovsk, a gindin duwatsun Khibiny da ke yankin Kola, can ƙuryar arewa maso yammacin Rasha. Ƙarshen watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa sam, sai agogo na riƙa bi wajen salla.

Duwatsun ba su da wani tsayin a zo a gani. Mafi tsawonsu, Yudychvumchorr, mita 1,200 ne da 'yar ɗoriya. Amma hawansu akwai aiki. Da farko daji ne mai dogayen itatuwa, sai itatuwan su soma gajarta suna karkacewa, daga nan gansakuka, daga ƙarshe tsagwaron dutse. Kana kaiwa ƙoli sai ka tarar da fili shimfiɗe kamar faifai, fasassun duwatsu ko'ina, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Tafkin Imandra na yamma, Umbozero na gabas. Bakin filin kuwa gangare ne a tsaye, inda ƙanƙarar zamanin da ta rarake kwaruruka masu zurfi. Idan hazo ya sauko, mutum na iya takawa zuwa bakin ramin bai sani ba. Shi ya sa malam ya hana kowa yin nisa.

A nan na fara riƙe dutsen afatit a hannuna, kore-kore, yana marmashewa idan ka murza. Da shi ake yin takin zamani. Ni ɗan manomi ne, na san yadda mahaifina ke lallaɓa buhun taki, don haka na daɗe ina jujjuya shi.

Masanin ma'adinai Fersman da tawagarsa ne suka binciko arzikin wurin a shekarun 1920, aka kafa garin Kirovsk a 1929. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin waɗanda suka fara haƙar afatit ɗin manoma ne da gwamnatin Stalin ta ƙwace wa gonaki, ta kwaso su da iyalansu zuwa inda hatsi ba ya nuna. An gina wa wasu gidaje a gindin dutsen Yuksporr. A watan Disamba na 1935 dusar ƙanƙara ta zaftaro musu, mutum fiye da 80 suka rasu. Bayan wannan ne aka kafa masu sa ido kan zaftarewar ƙanƙara a garin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwanmu ƙauyen Lovozero wajen 'yan ƙabilar Sami, makiyayan barewar ƙanƙara.