Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da aka miƙa min makulli

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri satin nan na makara, ina hanya ne. Mun tsaya inda na cika shekara huɗu ina yaron mota, ni ne sa waigi, ni ne ɗaure tamfol, ni ne kwana ƙarƙashin bodi ina gadin batir da gas. To a ƙarshen 2024 Allah ya yi, na yi lasin ɗina na class G, wanda shi ne na tirela, Ogana ya kama hannuna ya kai ni gun wani Alhaji mai motoci biyar.

Alhaji ya kalle ni sama da ƙasa yace "yaro zaka iya kuwa?" Oga yace "Alhaji ni na koya masa, in ya yi ɓarna a tambaye ni." Aka miƙo min makullin wata tsohuwar DAF. Wallahi daren nan ban yi barci ba, na tafi ƙauyenmu can gefen Gumel na ɗora makullin a tafin hannun Inna, ta juya shi ta juya tana ta sa albarka, har maƙota suka shigo barka sai kace na dawo daga Makka. Abin da ban tambaya ba, kuma ya kamata in tambaya, shi ne me ya sa ni ne direba na huɗu a motar nan cikin shekara ɗaya.

Albashin da aka yanka min dubu 40 ne a wata, alhali a Yulin 2024 gwamnati ta sa hannu kan mafi ƙarancin albashi dubu 70, amma wa zaka faɗa wa, ba takarda ba sa hannu, magana ce ta baki a gindin bishiya. Akace ai ba albashi direba yake ci ba, kuɗin hanya ne. Gaskiya ne, amma ga tsohon direba. Shi ya san shingen da ake bada ɗari biyar da wanda ake ɗaga hannu kawai a wuce, ya san ɗan kamashon da zai sama masa lodin dawowa. Sabo kuwa fuskarsa kaɗai ta isa a ninka masa kuɗi.

Lodina na farko shanu ne daga kasuwar Maigatari, ranar Alhamis take ci, zuwa Legas. Duk wanda ya taɓa ɗaukar shanu ya san ba buhun masara ba ne da zaka faka ka miƙe ƙafa, rai ne, masu kula da su suna zaune a saman bodi, kana rage gudu zasu fara buga maka ƙarfe. Kano, Zariya, Kaduna, muka ci abinci a tsaye a Tafa, muka yanke ta Lambata zuwa Bida da Mokwa saboda hanyar Birnin Gwari ba mai son ta. Tsakanin Bida da Mokwa wata tanka ta kwanta ta tare hanya, muka kwana muka wuni a gosulo, injin na ci, rana na dukan shanu, ni kuma goro da shayi ne kawai a cikina idona kamar garwashi. Wani direba ya leƙo ta taga ya miƙo min ƙwaya a leda yace "ɗan'uwa sha wannan, har Ibadan ba zaka ji komai ba." Na karɓa dan kar ya ji kunya, na jefa ta ƙarƙashin kujera, ina jin har yau tana nan.

Bayan Jebba taya ta fashe, ta baya ta ciki, wadda tun a gareji na nuna wa manaja nace ta suɗe yace in lallaɓa. Kwana tara na yi kafin in dawo gida, saboda sai da na yi kwana uku a Ogere, inda tireloli ke fakawa a hanyar Legas zuwa Ibadan, ina jiran lodin dawowa.

Ranar lissafi manaja ya buɗe littafi. Gas ɗin da aka auna min da lita bai kai ba, na sayi ƙari, yace wannan ba ruwan Alhaji. Taya, rabi a kaina. Kuɗin mai faci, ina rasit? Mai faci a dajin Jebba ƙarfe biyun dare wai rasit! Da ya ja layi sai ga shi ni ake bi dubu 12, za a cire a albashi. Anan na gane inda direbobi ukun nan da suka riga ni suka tafi. Ɗaya ya koma tuƙa tifar yashi yana kwana a gidansa, ɗaya ya ɗauki Adaidaita a Kano, na ukun ance makulli ya ajiye a kan taya ya shiga motar haya.

Na isa gida da biredi biyu da garin kwaki mudu ɗaya. Matata ta karɓa bata ce komai ba, sai da dare tace "Baban Ummi, kuɗin takin fa?" Gona tana jira. Na kira Oga na faɗa masa komai, ya yi dariya yace in same shi gareji da asuba, wai akwai abin da bai koya min ba.

Sai sati mai zuwa insha Allah.